An Goge Kwamfutar Bakin Taga

Assalamu alaikum, Baban Ummi.

Bayan gaisuwa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma na fita takaba, na koma shago, kuma akwai maganar da kai kaɗai ta shafa.

Gida lafiya. Ummi ta shiga aji uku, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Inna ta koma Agwada bayan arba'in. Ruwan bana ya kwantar da katangar baya, mun kare wurin da kwano. Ina cin abinci, ina barci. Matan Angwan Iya suna yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Ba na jin komai ne kawai.

Ka san da me mutanenka suka riƙa zuwa ta'aziyya? Da kwamfuta. Duk waɗanda ka ɗora wa Linux, wannan tsarin da kake cewa kyauta ne, ba na kamfani ɗaya ba, kowa zai iya buɗe cikinsa ya gyara. Malam Idi na Islamiyyar Jigwada ya zauna a zaure ya yi maka doguwar addu'a, ya shafa, sannan ya zaro jaka daga ƙarƙashin babbar riga ya aiko min ciki, wai tun da ka kwanta ciwo firintarsa ta daina jin magana. Madam Laraba, nas ɗin nan 'yar ƙabilar Eggon, ta rungume ni ta yi kuka na gaskiya. Da ta share hawaye sai ta ce an turo mata takarda daga ofis, ta buɗe ta ga layuka sun hau kan juna, yanzu wa zai duba mata? Ban ji haushinsu ba. Su ma rashi suka yi.

Kowa zai iya gyarawa, ka ce. Wane ne kowa, Baban Ummi? A Keffi kai ne kowa.

Ƙaninka Aminu ne ke riƙe da shagon buga takardun yanzu. Yana ƙoƙari, Allah ya sani. Ya ce shi Windows ya koya, kuma ita ɗalibai ke tambaya. Ya mayar wa Malam Idi da Madam Laraba nasu kan Windows, suka yi godiya suka tafi. Na shago ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tawa ta bakin taga kaɗai ya bari, don kunyata.

Ka tuna ban taɓa taɓa kwamfuta ba sai a hannunka. Ban ma san yadda wani tsarin daban yake ba. Ranar da na koma aiki an ɗauke wuta ta ɓangaren taga, sai na zauna kan ɗaya daga cikin na Aminu. Wata ɗaliba tana tsaye a kaina da furojet ɗinta na kammala karatu, ni kuwa na rasa inda zan danna. Ta yi tsaki, ta tambayi Aminu da Turancin buroka wai ko Anti ba ta iya kwamfuta ba ne. Ni da na buga wa yayyenta nasu. A ranar na gane fuskar da mutane ke yi maka in kana yi musu wa'azin Linux. Kai kana cewa tsoro ne da lalaci. Ina ganin ba haka ba ne. Wanda ake jira a kansa ba shi da lokacin koyon sabuwar hanya, ko da ta fi kyau.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk bayanin da kake min na 'yanci da taimakon juna, ina gyaɗa kai ne, rabi ban gane ba. Abin da nake so shi ne in wani abu ya maƙale, ka jawo kujerarka kusa da tawa, ka buɗe baƙin allon nan na ba kwamfuta umarni kana rubutu kana ƙunƙuni, kafaɗarka tana taɓa tawa. Me ya hana ni faɗa? Na ɗauka akwai lokaci.

Makon jiya tsohuwar firinta ta mutu, Aminu ya kawo sabuwa. Duk kwamfutocin suka gan ta, ban da tawa. Ya nemi bayani a waya, ya ce akwai mutane a ƙasashen duniya da suka rubuta yadda ake yi, kyauta, irin mutanenka. Ya kwafa a baƙin allon har ya yi gumi. Ta ƙi. Daga ƙarshe ya durƙusa gefena ya ce in zaɓa: ko in kai ta gida in rufe da zane yadda ka bar ta, ko a goge ta in ci gaba da aiki. Ba wata kwamfutar da za a ba ni. Ummi kuma tana cin abinci kullum.

Na ce ya goge.

Ya kwashe hotunanmu a filash. Da ya kunna ta, sunanka ya fito a allon shiga yadda ya saba fitowa kowace safiya, sannan bai ƙara fitowa ba. Na zauna ina ɓare dafaffiyar gyaɗa ina kallon layin da ke nuna inda aikin ya kai yana cika a allo. Na jira kuka, bai zo ba. Har na tashi na miƙa wa wani da ya zo yin fotokwafi takardunsa.

Ka yi fushi? Ko can ba a damuwa da irin wannan?

Yanzu tana aiki. Firinta tana bugawa, ɗalibai sun daina tsaki. Sai dai duk lokacin da zan buɗe wani abu, hannuna yana kai kibiya kusurwar sama ta hagu, inda ake buɗe komai a naka tsarin, inda ba abin da nake nema yanzu. Aminu ya ce kwana kaɗan zan saba. An yi sanarwar rasuwarka a masallaci, an buga waya Lafiya da Abuja, kowa ya ji. Hannuna ne kawai bai samu labari ba, kuma ba ni za a aika in gaya masa ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Sai mun zo.

Taka,
Maman Ummi