Ni na hana aikin ƙanena buɗewa, shi kuma yana ta gode mini

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya kai ƙarshe, don duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina.

Ni mutumin Gummi ne. Ni da ƙanena, wanda zan kira Nura a nan, uwa ɗaya uba ɗaya muke, tare muka yi karatun kwamfuta a Sakkwato, muka dawo muka buɗe ɗan shago kusa da tasha muna buga takardu da katin biki. Kwamfuta ɗaya ce mai ƙarfi a shagon, ni na haɗa ta da hannuna, ni ke buɗe cikinta in ta lalace, Nura bai taɓa damuwa da ƙarfe da waya ba. A cikinta muke da wata manhaja ta ƙera mutum, wadda za ka gina kai da hannu da riga kamar mai ginin tukunya, ka juya shi ta ko'ina, daga baya ka sa shi motsi kamar 'yan katun. Ni na fara kawo faifanta, ni na fara koyo, ni na nuna masa inda ake dannawa. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da nake ta maimaita wa zuciyata har ta kai ni inda ta kai ni.

Bara wata ƙungiya a Gusau ta ce tana son ɗan gajeren katun da zai koya wa manoma ajiyar wake ba tare da zuba masa guba ba, kowa ya kawo samfurin tsohon manomi guda, wanda nasa ya fi a ba shi aikin. Muka ce kowa ya yi nasa. Nawa ya fito tsaf, ba laifi, amma in ka kalle shi kamar ɗan tsana. Nura kuwa sai ya ɗauko kakanmu na Bukkuyum, mahaifin Inna, wanda ya rasu muna yara kuma ko hotonsa babu. Daga ka ya ƙera shi. Tamojin goshi, haƙorin da goro ya rina, yadda hularsa ke karkata hagu, har tabon kaho da saniya ta yi masa a haɓa. Ranar kasuwa Inna ta biyo ta shago ta sha ruwa, Nura ya juyo mata allon. Ta ajiye kofin, ta matso, sai ta ce, "Wanga ai Baba na ne. Nura, ina ka gane shi?" Ta sa gefen mayafi tana share ido. Na ce, "Inna, ga nawa ma." Ta waiga ta ce, "Awo, shi ma ya yi kyau, Allah shi yi albarka," ta mai da ido kan na Nura. Wallahi da ta ce bai yi kyau ba da ya fi mini sauƙi. Ni ne babba, ni na kawo abin nan gidanmu, me ya sa hannunsa ke ganin abin da nawa ba ya gani?

Da Nura ya tafi Bukkuyum ɗaurin auren abokinsa, na kwance bayan kwamfutar. Memori biyu ne a ciki, wasu 'yan falle kamar tsinken tsire masu faɗi, su ke riƙe aiki yayin da ake yin sa. Na zare guda na sa a aljihu. Na san nawa samfurin mara nauyi ne zai buɗe, nasa kuwa da ya cika da ƙananan layuka da hotunan fata ba zai shiga ba. Ban goge masa komai ba, har ina gaya wa kaina ai ban taɓa aikinsa ba. Kun ji irin wayon da shaiɗan ke ba mutum?

Ya dawo ya danna fayil ɗin, layin lodi ya tafi ya wuce rabi ya tsaya, allo ya yi fari, saƙo ya fito cewa memori bai isa ba, manhajar ta rufe kanta. Ya sake, haka. Ya ce, "Yaya, mi ya samu abin ga? Lafiya lau na bar shi." Na ce wataƙila ƙwayar cutar kwamfuta ce daga filas, 'yar ma'ajiyar fayil ɗin da masu kawo bugu ke soka mata. Muka wanke kwamfutar da manhajar kashe ƙwayar cuta, bai buɗe ba. Ya cire manhajar ya sake sa ta, ya rufe duk wani abu da ke aiki a bayan fage, ya kwashe hotunan biki don a sami fili, ya ƙara wurin da kwamfuta ke aro daga babban faifai in memori ya cika. Wani lokaci kan tsohon ya fito babu fata, toka-toka, da ya taɓa shi sai komai ya daskare. Sau ɗaya ya dube ni ya ce, "Ko memorin ne ya mutu? Ka duba muna ciki mana." Na kwance murfin a gabansa, na hura ƙura, na ce duk lafiya lau, fayil ɗinsa ne ya yi nauyi. Ya yarda, don bai taɓa tunanin zan yi masa ƙarya a kan abin da na fi shi sani ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na iya mantawa. Da ya samu kan ya fito babu fata, sai ya fara rage shi don ya yi sauƙi. Ya ƙanƙance hotunan fata har suka dushe. Ya share tamojin goshi. Ya cire tabon haɓa. Ina zaune ina buga wa wani takardar haya, ina jin yana cewa a hankali, "Yi haƙuri tsoho." Da fayil ɗin ya yarda ya buɗe, wanda ke ciki ba kakanmu ba ne, wani mutum ne mai sulɓin fuska da ba wanda ya san shi. Ya ce ba zai kai wannan Gusau ba. Shi ya raka ni tasha da nawa, shi ya riƙe mini jaka, kuma da aka ba ni aikin shi ya fara gaya wa Inna, yana cewa, "Ai Yaya ya wahala da ni ƙwarai, kwamfutar ce ta ƙi."

Yanzu ya daina taɓa manhajar. Ya ce abin na masu manyan injuna ne, ba na ɗan Gummi ba. Wani abokinsa ya kira shi Dareta, can ƙasar Anka, inda ake niƙa dutsen zinariya, ya ce bayan kasuwa mai zuwa zai tafi. Inna ba ta so, ta ce ƙurar wurin ba ta yi mata ba, ta ce in yi masa magana tunda yana jin tawa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Kafin ya fara ragewa na kwafi ainihin fayil ɗin a filas ɗina. Shekaranjiya da ya fita cin abinci na mai da memorin, na danna, nan take ya buɗe. Tsohon ya fito cikakke, da tabonsa da karkatacciyar hularsa, yana kallona. Kuna tsammani nadama ce ta fara zo mini? A'a. Abin da na fara ji shi ne har yanzu ya fi nawa, kuma ko shekara goma zan yi ba zan ƙera irinsa ba. Sai daga baya kunya ta rufe ni. Na ji tafiyar Nura, na kashe, na sake zare memorin.

In na mai da memorin a ɓoye na ce gyara na yi, na buɗe masa kakanmu cikakke, zai tambayi inda na samo tsohon fayil, kuma Nura ba wawa ba ne, yarda ce kawai ya yi da ni. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli Inna, wadda har gobe take cewa in riƙe shi kamar uba? In na yi shiru, zai hau mota ya tafi ramin zinariya yana ganin shi ne bai iya ba. Kuma ina tsoron ko na gyara wannan, ranar da ya sake yin abin da ya fi nawa zuciyar nan za ta dawo. Jama'a, ƙanena ya fara haɗa kayansa, ni kuwa me zan yi?