Na Fitar da Shanun daga Shuka

Zuwa ga ƙanena Alhaji Idi, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Hajiya Rabi? Mu nan Matameye lafiya lau, gero ya fara fidda kai.

Alhaji, albishirinka! Da furfurata na fara koyon zane. Maƙwabcinmu Mushe Haruna, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ba ni fenti da hoton kalanda mai shanu a tsakiyar shuka. Ya ce in kwaikwaya daidai, in na ƙara ko ɗigo zai karɓe fentinsa.

Na ce, "Mushe, shanu cikin shuka ba makiyayi? Ai wannan ɓarna ce, sai gaban maigari!" A nawa zanen sai na kora su burtali, na zana shingen aguwa hagu da dama, irin na Dawce da muke bi da shanun mahaifinmu kafin a nome shi.

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tsoho, wannan saniyar ai jaki ce." Amma fa ya bar mini fentin, har ya ƙaro mini ja!

Ka sa ni a addu'a, Allah ya bar mini idona in gama. Ka gaida yara duka.

Yayanka, Isuhu.