Mutum Ɗaya a Kowane Ɗaki

Malang, 2 ga Maris

Nduk Ratri, 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kina kuma salla a kan lokaci. Addu'ar kwana ɗari ta babanki ranar ashirin ce. Sau biyar ina kiran wayarki ba ki ɗauka ba, shi ya sa na koma takarda. Ban haifi 'yar da maƙwabta za su raba mata abincin sadakar ubanta ba.

Mahaifiyarki, Sulastri

Jakarta, 6 ga Maris

Ibu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a yafe mini. Ko zama ba na iya yi. Rumbun bayanan kamfaninmu a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake zaune don ya yi sauri, to ƙwaƙwalwar ta kusa cika. Idan ta cika, odar abincin da jama'a ke yi ta manhajarmu ta tsaya cak. Na goge rabin tsofaffin bayanan, amma ma'aunin cikar bai motsa ba. Shugabana Pak Darmo ya ce, "Hutu? Fara gaya mini inda wurin ya shiga." Na duba har idona ya yi ja.

'Yarki, Ratri

Malang, 10 ga Maris

Nduk,

Wa'alaikis salam. Karatunki ya yi yawa, lura ta yi kaɗan. A gidan hayarmu kika girma. Ɗaki goma, ɗalibai biyu a kowanne. Bara goma suka gama makaranta suka tafi, amma da wani mai iyali ya zo neman ɗaki ba ni da ko ɗaya, don kowane ɗaki da saura mutum ɗaya a ciki yana miƙe ƙafa. Sai da na haɗa su bibbiyu, suna ta gunaguni, sannan ɗaki biyar suka fito. Kora daban, gyara daban. Ki daina kuka ki duba.

Mahaifiyarki

Jakarta, 14 ga Maris

Ibu,

Ina gaisuwa. Haka ne. Bayanan da suka rage sun warwatsu, kowanne ya riƙe shafi guda na ƙwaƙwalwar shi kaɗai. Na sa kwamfutar tana tattara su a hankali, ma'aunin yana sauka. Pak Darmo ya ce a gaida "injiniyar Malang". Na sayi tikitin jirgin ƙasa na ranar sha tara.

Ratri

Malang, 17 ga Maris

Nduk,

Ki ƙara kwana biyu a kan hutun. Kabad ɗin babanki yana nan yadda ya bar shi. Sau uku ina buɗewa ina rufewa. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ibu