Jakar da Baba Ya Riƙe Har Abha

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki. Ƙara na kawo miki, kuma ƙarar mijinki ce. Tun da kika tafi ba ni da inda zan kai shi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba ki ga yadda ya koma bayan rasuwarki ba. Daga ɗaki sai Harami, daga Harami sai ɗaki. Shayi mai na'ana'a ma idan na haɗa masa, kurɓa ɗaya yake yi ya ture. Da aka ba ni hutun sanyi a otal ɗin da nake aiki a unguwar Misfala, nan Makka, sai na ce wa Yaya Usama mu fitar da tsohon nan ya sha iska. A ce mutum ya tsufa a ƙasar nan bai san ko'ina ba sai Madina da Arfa? Na tsara mana tsohuwar Jidda, da Ɗa'ifa, da Baha, da Abha.

Sati biyu ina lallashinsa. Kullum amsarsa ɗaya: “Ya binti, 'yata, wa yake barin Makka ya je kallon dutse? Dutse ne babu a nan?” Ranar da ya ce, “Halas, shi ke nan, mu je,” har rawa na taka a kicin, wai ni na yi nasara.

Sau uku na faɗa masa sanyin can ba irin namu ba ne. Na sayo masa rigar sanyi mai kauri da hula da safa, na ajiye a kan gadonsa. Da safe ya fito da baƙar jaka, ya ƙi a sa ta a bayan mota. A cinyarsa ta yi tafiyar nan gaba ɗaya.

A Jidda na zage ina nuna masa tsofaffin gidaje masu tagogin katako, ina ta bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya duba agogonsa, ya ce yanzu ake kiran la'asar a Harami. A hanyar Ɗa'ifa birai suka tare mu, Yaya Usama ya fita yana ɗaukar su a waya yana surutu da Larabci, Baba ko gilashi bai sauke ba. Ɗan naki kuwa, kin san shi, muddin wayarsa na da caji to duniya lafiya lau.

A Baha haƙurina ya ƙare. Muna tsaye gaban wani tsohon ƙauye da aka gina da duwatsu a kan farin tsauni, ga ayaba, ga ruwa yana gudu, wuri mai kyau wallahi. Na juya in ga fuskarsa, sai na tarar yana lissafa da yatsu sallolin da suka wuce shi a Harami. Umma, na yi abin da ba ki koya mini ba. Na ce masa, “Baba, Umma ce ta rasu, ba kai ba.” Ya gyara riƙon jakarsa ya koma mota.

Abha ta tarbe mu da hazo, ko motar da ke gabanmu ba ma gani. Duk tsaunukan da na kawo shi ya gani, babu ko ɗaya. Ga sanyi mai shiga ƙashi, mu da muka saba kunna fanka a watan da wasu suke rufa da bargo. Da hantsi na shiga ɗakinsa, na same shi cikin farar jallabiyarsa marar nauyi, yana rawar ɗari yana tari. Na fizgi jakar zan ciro rigar sanyin, ina ta faɗa.

Likkafaninsa ne a ciki. Wanda kuka yanka tare daga yadi ɗaya, kuka wanke da zamzam, kika shanya a saman benenmu na Hindawiyya. Sai gorar zamzam, sai takarda da rubutun hannunsa: idan ta Allah ta kasance a hanya, a mayar da shi Makka, a yi masa salla a Harami, a kai shi maƙabartar da kike. Rigar sanyin tana gida a kan gado, ko ledarta bai cire ba.

Kwana huɗu ina jan mutum gari gari wai ya huta, ashe shi tsoro ne ya cika masa ciki, kada ajali ya riske shi nesa da ke. Kuma bai faɗa ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ya buɗe baki tun a gida, da wa zai tilasta shi? Na ji haushinsa, na ji na kaina, har ke ma na ji naki, don ke kika saba masa da a gane abin da yake so ba tare da ya furta ba.

Likita ya ce sanyi ya kama ƙirjinsa, a kwantar da shi. Baba ya ce ko da ɗaure shi za a yi ba zai kwana ba. Aka yi masa allura, muka ɗauko hanya, ni da Yaya muna tuƙin karɓa karɓa. Bini bini sai ya ɗago daga kujerar baya ya tambaya, “Mun shiga?” Ni ce a kan sitiyari lokacin da muka wuce alamar iyakar Harami. Sai na ji hannunsa mai zafi a kafaɗata. Ya ce, “Shuwayya shuwayya, a hankali, ya binti. Yanzu babu sauri.” Ya kwantar da kai, barci ya ɗauke shi.

Yana samun sauƙi, alhamdu lillah, tarin ne kawai bai sake shi ba. Na ba shi haƙuri kan maganar Baha, ya ce bai ji komai ba. Ya ji.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haɗa ku a Aljanna kamar yadda yake so. Amma Umma, ki yi haƙuri ki ƙara jira. Shi ya gama shiri, ni ban gama ba.

Taki har kullum,
Maryam