A Ba Da Belin Irin Doyata

Zuwa ga Babban Jami'in 'Yan Sanda na Yankinmu, Lafia.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da jami'anka. Ni manomin doya ne a hanyar Doma, kuma ina cikin waɗanda suka tafa maka a taron da ka kira na 'yan sanda da jama'ar gari, inda ka ce zamani ya canja, ɗan sanda ya zama abokin kowa. Na yarda da maganarka, shi ya sa na zaɓi takarda maimakon gunaguni a majalisa.

1. Yabo tukuna. A tsakiyar ranin nan wani ya fasa rumbuna ya kwashe irin doyar da na keɓe don shukar bana. Malam Jauro, makiyayin da ke maƙwabtaka da gonata, ya gan shi yana lodi a bayan babur, ya kira lambar wayar da kuka rubuta a bangon ofishinku. Abin mamaki, aka ɗauka. Abin da ya fi wannan mamaki, sabuwar motarku ta zo da man fetur a cikinta. Kafin la'asar ɓarawo da doya duk suna hannu. A da, da sai na sayi takarda da biro kafin a saurare ni.

2. Daga nan zamani ya tsaya. Aka shigar da doyar ɗakin ajiye kayan shaida, aka ce ba za ta fito ba sai alƙali ya gan ta da idonsa. An ɗage shari'ar, an sake ɗagewa. Shi wanda ake tuhuma an ba da belinsa tun makon farko. Na wuce ta gonarsa kwanan nan, ya gama huɗa, ya shuka tasa. Har ya ɗaga mini hannu.

3. Ranka ya daɗe, doya ba talabijin ba ce da za a ajiye ta ta jira kotu. Abu ne mai rai, kuma ba ta san an ɗage zama ba. Da ruwan farko ya sauka ta fara toho. Sajen da ke riƙe da makullin ɗakin, mutumin kirki ɗan manoma, ya bar ni na leƙa. Ta ƙasa ta fara ruɓewa saboda zafi. Ta sama kuwa ta yi yaɗo, ta naɗe wani tsohon keke da ke tsare tun kafin a kawo ka, ta kama ƙarfen taga tana neman rana. Saje ya ce shi ma abin na damunsa, amma doka ba ta ba shi ikon sakin ko ƙwaya ɗaya ba.

4. A teburin da ke kusa da ɗakin akwai sabuwar kwamfuta lulluɓe da zane, da kyamarar da aka ɗauke mu hoto da ita ranar taro. Na karanta cewa a wasu wurare, kayan shaidar da ke lalacewa hotonsu ake ɗauka, mai kaya ya sa hannu ya tafi da abinsa. Idan kyamarar ta iya ɗaukar manyan gari a kan kujeru, ina jin doya ba za ta gagare ta ba. Ba ta ma motsi.

Kunyoyina suna nan a huɗe, ciyawa na cinye su. Idan watan nan ya wuce ban shuka ba, na rasa damina, kuma da wannan gonar nake ciyar da gidana. Irin da ke kasuwa yanzu ragowa ne.

Roƙona biyu ne. A ɗauki hoton doyar, a bar wa alƙali 'yan ƙwayoyi, a ba ni sauran. Sannan a mai da hakan ƙa'ida, don kayan mai tumatir da na mai kifi ba za su jure jiran da doyata ta yi ba. In kuma sai da mai tsaya mata, ni zan tsaya. Na san asalinta, na san inda za ta zauna, kuma na yi alkawarin ba za ta bar gonar ba sai kaka.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare jami'anka a bakin aiki, ya ba mu damina mai albarka, har da Saje.

Wassalam.

Naka,
Haruna, mai gonar hanyar Doma, Lafia.