Ƙanshin Ɓawon Lemo a Hannuna

Zuwa gare ka Si Munji, hasken idona, inuwar da nake fakewa a cikinta, ruwan randa a tsakiyar rana, mijina mai taurin kai!

Daga matarka Dalanda, wadda ka juya wa baya jiya ka fuskanci bangon asibiti. Tunda ka ƙi kallon fuskata, sai ka kalli rubutuna. Na ba 'yarmu Sirin ta kawo maka, na ce kada ta motsa sai ta ga ka sa tabarau.

Ƙarya na yi maka, masoyina. Da ka kama hannuna ka kai hanci ka ce, "Dalanda, kin dafa ɓawon lemo," na ce sabulu ne. Sabulu! Ni da na yi furfura a gidanka, in rasa ƙaryar da zan shirga sai wannan? Na dafa. Bishiyar lemo mai ɗaci ta tsakar gidanmu ta yi 'ya'ya bana kamar ba ta san kana kwance ba, suna faɗowa suna fashewa a ƙasa, hannuna kuwa ya ƙi zama wuri ɗaya. Ban ankara ba na kankare bayansu, na yanka ɓawon, ina naɗe kowane yanki ina sa shi a zare da allura. Na jiƙa, na zubar da ruwan, na sake jiƙawa har ɗacin ya fita, na bar shi a ruwan sukari yana dahuwa a hankali har ya yi sheƙi kamar rana ta ratsa ganye. Duk garinmu Nabul babu wanda bai ji ƙanshin ba. Kuma ni ce fa likita ya gaya wa a gabanka cewa in sukarin jininka bai sauka ba, ƙafarka ta hagu za a yanke.

Ka tuna na farko da na dafa maka ina amarya? Na manta ban zare zaren ba. Ka tauna, ka jawo shi daga bakinka ana kallo, ina neman ƙasa ta tsage in shige, ka ce, "Yarinya, ba sai kin ɗaure ni da zare ba, ai na riga na kamu." Tun ranar, in ka yi fushi da shi nake rarrashinka, in ka yi baƙo da shi nake fita kunyarka, in ka ce ya isa sai in ƙara maka. Ya sanyin zuciyata, ashe da cokalina nake ta tura ka zuwa gadon nan? Ashe hannun da ka fi so shi ya fi cutar da kai? Wannan tunanin ya hana ni sakat.

Sai ga shi jiya ka sassauta murya ka ce, "Guda ɗaya tak, Dalanda. Ɓoye a gyalenki, wa zai sani? Ko lasa in yi in tofar." Na ce a'a. Ka ce, "To, madalla. Ki ci ke kaɗai, ki zo kina yi mini ƙanshi." Wallahi da mari ka yi mini da ya fi sauƙi, domin ka faɗi gaskiya. Na ɗanɗana ɗaya a bakin murhu, wai don in ji ko ya dahu. Ya yi daɗi, Munji, ya yi daɗi, kana can kana shan romon da ba gishiri! Har yanzu yana tsaye a maƙogwarona.

Da safen nan na kwashe kwalaben da na ɗura ɓawon a ciki na kai wa maƙwabciyarmu Shadliya, har da tukunyar jan ƙarfen da nake dafa shi a ciki. Ta ce, "Kin haukace ne?" Na ce ta karɓa kafin in sake shawara.

Ga alkawarina, furen rayuwata. Abin da aka hana bakinka na hana nawa, daga yau har a binne ni. Gobe zan zo hannu wofi, jibi ma haka, ko za ka yi kuka, ko za ka kira ni marar imani. Ka yi fushi da ni iya son ranka, ka ƙi yi mini magana, na yarda. Amma ka dawo gidan nan da ƙafafunka biyu ka yi fushin a gabana.

Taka mai laifi, wadda ba ta da wani sai kai har numfashi ya ƙare,

Dalanda