Motar Auta Mai Ruwan Hoda

Asabar, 3 ga Mayu
Auta ba ta zo mun yi tseren mota ba. Shekara biyu ke nan, duk Asabar da hantsi muna kan tabarmar falo da hannun gem. Ni direban bas ne, shekara ashirin a kan sitiyari, amma 'yar shekara tara ke wuce ni da motarta mai ruwan hoda. Yau tana gidan Kawunta, ƙanin mamanta. Ya sayi sabuwar na'urar gem.

Talata, 6 ga Mayu
Wai tasa mai ma'aji tera biyu ce, ta ci wasa arba'in kuma da sauran wuri. Tawa giga ɗari biyar, rubu'in tasa ke nan. Ranar da na saya mai shago ya ce in ɗauki babbar, na ce wasa nawa mutum zai yi a rayuwarsa? Mamanta ta tuna min yau: "Araha dai ba ta ado."

Asabar, 10 ga Mayu
Can ta sake tafiya. Ta dawo bakinta Kawu, Kawu. Yaron da na koya wa ɗaura igiyar takalmi! Kishi nake, ba sai an gaya min ba.

Lahadi, 11 ga Mayu
Na sayi wasan dodannin da take ta zancensa. Na'ura ta ce babu wuri. Na goge ƙwallo, babu wuri. Na goge dambe, har yanzu da saura. Na daɗe ina kallon tseren mota. Na danna.

Laraba, 14 ga Mayu
Kwana uku yana sauka. Ya gama.

Asabar, 17 ga Mayu
Na kira ta ina ta washe baki. Ta kalli dodannin ta ce ai ta gama shi a gidan Kawu. Ta yi ta latsawa tana dubawa.
"Baba, ina motata?"
Fentin da ta zaɓa, kofuna goma sha ɗaya da ta ci, duka. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ajiye hannun gem a hankali ta shige ɗaki. Garin neman gira na rasa ido.

Lahadi, 18 ga Mayu
Mamanta ta kai rahoto, sai ga Kawun ya zo da wani ɗan ma'aji mai waya na ƙara wa na'ura wuri, bai fi tafin hannu ba. Na so in ce ba na buƙata.
Ya ce, "Yaya, wasan ka goge, abin da ta tara yana nan. A sake saukar da shi kawai."
Yana durƙushe bayan talabijin yana jonawa ya ce wai a gidansa Auta ba ta yarda su yi tsere, ko ya roƙe ta. Ta ce wannan na Baba ne.
Na ce masa ƙura ce ta shigar min ido. Bayan talabijin ɗin nan ya daɗe ba a share ba.

Asabar, 24 ga Mayu
Motar ta dawo, kofuna sha ɗaya cif. Ta wuce ni sau huɗu.
Na sayo hannun gem na uku. Ba don kowa ba, ko ɗaya zai lalace. Amma na ce wa mamanta in ƙaninta ba shi da abin yi ran Asabar, tabarmar tana da faɗi.